Al'umma, Ƙabila da Daula a Tunanin Masanan Musulunci na Da: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda masanan Musulunci, daga ƙarni na 9 zuwa na 14, suka fahimci al'umma da ƙabila da mulki. Shekarun da aka ambata duk na Miladiyya ne, sai inda aka ce Hijira.

Shin masanan wancan zamani sun san ƙasa irin ta yau, mai iyaka da tuta da fasfo?

Ba su san ta ba. Tsarin da ke cewa kowace jama'a ta shata wa yankinta iyaka, ta kafa gwamnati da sunan 'yan wannan yanki, a Turai ya girma, kuma sai a ƙarni na 19 da na 20 ya mamaye ƙasashen Musulmi. Abin da mutanen Bagadaza da Alƙahira da Ƙurɗuba ta Andalus, wato Sifen ta yau, suka sani shi ne daula, daula kuwa ta gidan sarauta ce: Umayyawa, Abbasiyawa, Fatimiyawa, Saljukawa. Da sunan zuri'a ake kiranta, iyakarta kuma tana tsayawa ne inda sojan sarki da masu karɓar harajinsa suka tsaya.

Shi ya sa Ibn Battuta, wanda aka haifa a Tanja ta Maroko a 1304, ya yi alƙalanci a Delhi ta Indiya, ya sake yi a tsibiran Maldibs, ba wanda ya ce masa baƙo ba ya hukunci a nan. Ibn Khaldun haifaffen Tunis ne, amma ya riƙe muƙamin babban alƙalin Malikiyya a Alƙahira.

Duk da haka sun ga bambancin mutane sarai, sun kuma yi rubutu mai yawa a kansa: Larabawa, Farisawa, Turkawa, Rumawa, Indiyawa, Barbar, mutanen Sudan, wato baƙaƙen da ke kudu da Sahara. Abin da ba su faɗa ba shi ne cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan dole ta sami sarkinta ita kaɗai.

To me suke nufi idan sun ce al'umma?

Abu biyu, kuma sukan yi amfani da su duka ba tare da jin sun ci karo ba. Na farko, jama'ar Annabi Muhammad (SAW), wato duk wanda ya yi kalmar shahada, ko daga ina yake. Na biyu, jama'a mai harshe ɗaya da ɗabi'u iri ɗaya, kamar a ce al'ummar Farisa ko al'ummar Girka. Alƙur'ani ne ya buɗe wannan ƙofa. Suratu Yunus ta ce kowace al'umma tana da manzo, Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi, Suratun Nahl ta kira Annabi Ibrahim al'umma shi kaɗai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta ce an sanya mutane dangogi da ƙabilu domin su san juna, mafi girma a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Suratur Rum kuma ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah.

Akwai kuma yarjejeniyar Madina da aka rubuta bayan Hijira, wadda nassinta ya zo a cikin Sirar Ibn Hisham. Ta kira muminan Ƙuraish da na Yasrib, wato Madina, al'umma ɗaya, sannan ta ce Yahudawan Banu Auf al'umma ne tare da muminai, su da addininsu, Musulmi da nasu. Ba ta rushe ƙabilu ba. Ta ambace su ɗaya bayan ɗaya, ta bar wa kowace nauyin biyan diyya da fansar fursunoninta kamar yadda aka saba.

Wane ne ya fi zurfafa tunani a kan wannan batu a cikin masana falsafa?

Abu Nasr al-Farabi, wanda ake wa laƙabi da Malami na Biyu, na farkon shi ne Arisɗo na Girka. Ya fito daga yankin Asiya ta Tsakiya, masu tarihi sun yi saɓani ko Baturke ne ko Bafarishe. A Bagadaza ya yi mafi yawan rayuwarsa ta ilimi, ya karanci manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin hujjar hankali, a wurin malami Kirista, Yuhanna ibn Hailan, daga baya ya koma Sham ya rasu a Dimashƙa a 950. Mutumin da ya rayu tsakanin harsuna da addinai haka ba zai rasa tambayar kansa mene ne ke raba mutane ba.

A littafinsa na ra'ayoyin mutanen birni nagari, ya fara da cewa mutum ba zai iya biya wa kansa buƙatunsa shi kaɗai ba, balle ya kai ga kamala, sai da taimakon wasu. Ya kasa taron mutane gida biyu, cikakke da wanda bai cika ba. Wanda bai cika ba shi ne gida, da layi, da unguwa, da ƙauye. Cikakke kuwa mataki uku ne: ƙarami shi ne birni, matsakaici shi ne al'umma wadda ta ƙunshi birane da yawa, babba shi ne haɗuwar dukan al'ummomin da ke zaune a doron ƙasa. Masanan Girka da ya gada, Aflaɗun da Arisɗo, a kan birni suka gina tunaninsu na siyasa. Shi ya ƙara matakai biyu a sama, domin duniyar da ya gani ta manyan dauloli ce.

A wani littafin, al-Siyasa al-Madaniyya, ya ce abu uku ke bambanta al'umma da wata: ƙirar jiki, da ɗabi'ar da aka halicci mutane da ita, da harshe. Biyun farko ya jingina su ga yanayin ƙasa, iska da ruwa da tsirrai da dabbobi, da abincin da ake samu daga gare su. Harshe kuwa ya ce mutane ne suka ƙulla shi a tsakaninsu, ko da yake yana da tushe a halitta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne hukuncinsa. A wurinsa zaman mutane al'umma ɗaya ba alheri ba ne, ba sharri ba ne, halin duniya ne kawai. Ya lissafa abubuwan da mutanen biranen jahilci suke ɗauka su ne igiyar da ke ɗaure jama'a: kaka ɗaya, auratayya, rantsuwar ƙawance, zama wuri ɗaya, har da harshe ɗaya. Bai ce ƙarya ba ne, amma bai yarda sun isa ba. Al'umma takan zama tagari ne idan biranenta suka taimaki juna wajen neman sa'ada, wato rabauta, ta gaskiya. Masu harshe ɗaya da suka haɗa kai don tara dukiya ko danne maƙwabta, a lissafinsa jahilai ne komai ƙarfin haɗin kansu.

Me ya sa ya ba harshe wannan matsayi?

Domin a zamaninsa gardama ce mai zafi. A majalisar waziri Ibn al-Furat a Bagadaza an yi muƙabala tsakanin Abu Sa'id al-Sirafi, malamin nahawu, da Abu Bishr Matta, malamin manɗiƙi. Sirafi ya ce manɗiƙi nahawun Girkawa ne kawai, Balarabe bai da buƙatarsa. Matta ya ce hankali ɗaya ne a ko'ina. Matsayin Farabi a littattafansa shi ne nahawu yana ba da ƙa'idojin harshen al'umma guda, manɗiƙi kuma yana ba da ƙa'idojin da kowane harshe ya yi tarayya a cikinsu. Kowanne da hurumin aikinsa.

A Kitab al-Huruf ya bi sawun yadda al'umma ke girma ta hanyar bakinta. Da farko nuni da hannu, sai sautuka, sai kalmomi. Daga nan masu iya magana da mawaƙa su fito, sai masu riƙe labaran da, sai rubutu, sai malaman da ke tsara ƙa'idojin harshe, sai jayayya ta hujja, daga ƙarshe ilimi mai tabbas. Ya kawo misalin malaman Basra da Kufa, waɗanda tsakanin shekara ta 90 da ta 200 bayan Hijira suka riƙa tattara Larabci daga bakin ƙabilun daji irin su Ƙais da Tamim da Asad da Ɗayyi da Huzail, suka ƙyale na bakin iyaka saboda harshensu ya gauraya da na maƙwabta. Abin da ya fitar shi ne, ilimin da aka kawo daga wata al'umma ba ya zama sai an nema masa kalmomi a harshen masu karɓarsa.

Ina matsayin addini a wannan tsari nasa?

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Farabi ya ce gaskiya ɗaya ce, amma mutane kaɗan ne ke iya kama ta ta hanyar hujjar hankali tsantsa. Sauran jama'a ana isar musu da ita ne ta misalai, kuma kowace al'umma da misalan da suka fi kusa da abin da ta sani. Daga nan ya ce zai yiwu a sami al'ummomi nagari da addinansu suka bambanta alhali sa'ada ɗaya suke nufa.

Malaman aƙida ba su karɓi fifita falsafa a kan wahayi ba, kuma mai karatu Musulmi zai ga dalilinsu. Sai dai ya kamata a san inda aka yi faɗan. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa Farabi da Ibn Sina raddi a Tahafut al-Falasifa, kuma mas'aloli uku da ya kafirta masana falsafa a kansu su ne cewa duniya ba ta da farko, da cewa ilimin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikuna. Maganar bambancin al'ummomi da harsuna ba ta cikinsu.

An taɓa samun rikicin ƙabilanci tsakanin Larabawa da sauran Musulmi?

An samu, kuma ya daɗe. A zamanin Umayyawa, daga 661 zuwa 750, wanda ba Balarabe ba idan ya musulunta yakan jingina da wata ƙabilar Larabawa a matsayin maula, kuma a wasu yankuna gwamnoni sun ci gaba da karɓar jiziya daga irin waɗannan, har Umar ibn Abdul'aziz ya hana. Da Abbasiyawa suka hau, Farisawa suka cika ofisoshin daula, sai aka sami masu ra'ayin Shu'ubiyya, waɗanda suka ɗauko sunansu daga kalmar shu'ub, wato dangogi, ta ayar Hujurat ɗin nan. Sun fara da neman daidaito, wasunsu suka zarce zuwa gori: Larabawa masu cin damo ne, masu riƙe sanda lokacin huɗuba, alhali kakanninmu sun gina fadoji. Al-Jahiz na Basra ya mayar musu da martani, har ya keɓe babi guda yana kare sanda, yana tuna musu ta Annabi Musa da ta Annabi Sulaiman. Ibn Ƙutaiba, wanda shi kansa asalinsa Farisa ne, ya tsaya a ɓangaren Larabawa.

Mafi yawan wannan faɗa a takarda da majalisun adabi aka yi shi, kuma abin da ya biyo baya ya fi faɗan amfani. Farisawa sun riƙe Musulunci sun kuma riƙe harshensu. A Bukhara, zamanin sarki Mansur ibn Nuh na gidan Samaniyawa, an fassara tafsirin Ɗabari zuwa Farisanci bayan an nemi fatawar malaman yankin. Firdausi ya kammala Shahnama, tarihin sarakunan Farisa a waƙe, a 1010. A shekarun 1070 Mahmud al-Kashgari ya rubuta ƙamus na harsunan Turkawa domin Larabawa su koya. Masar da Sham kuwa sannu a hankali suka koma Larabci. Hanyoyi biyu ke nan, kuma babu wadda aka ce ta fitar da mutane daga al'ummar Annabi.

Malaman fiƙihu fa, sun yarda Musulmi su kasu ƙarƙashin sarakuna da yawa?

A ƙa'ida ba su so ba, a aikace sun nemi mafita. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya rubuta a al-Ahkam al-Sulɗaniyya cewa ba ya halatta a naɗa imamai biyu a lokaci guda, kuma imami ya kasance Baƙuraishe. Amma a ƙarnin da ya gabace shi an riga an sami halifofi uku: na Abbasiyawa a Bagadaza, na Fatimiyawa da suka bayyana a Arewacin Afirka a 909 suka ci Masar a 969, da Abdurrahman na Uku da ya ɗauki laƙabin halifa a Ƙurɗuba a 929. A Bagadaza ma tun 945 iko yana hannun sarakunan gidan Buwaihawa, ba a hannun halifa ba. Don haka Mawardi ya tsara abin da ya kira sarautar ƙwace: wanda ya kama yanki da ƙarfi, idan ya amince da halifa ya tsayar da shari'a, halifa ya ba shi takardar naɗi domin hukunce-hukuncen jama'a su inganta. Wasu malamai, irin su Abdulƙahir al-Bagdadi, sun sassauta idan teku ta raba yankunan biyu. Damuwarsu ita ce auren mutane da gadonsu da sallar Juma'arsu kada su ɓaci. Bayan Mongol sun rushe Bagadaza a 1258, magana ta fi karkata ga adalcin mai riƙe da iko.

Mene ne asabiyya, kuma ba ita ce addini ya hana ba?

Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, a wata ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibn Salama a Aljeriya ta yau, bayan ya sha hidimar sarakunan Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, da Andalus ya ga yadda suke tashi suna faɗuwa. Tambayarsa ta bambanta da ta Farabi. Shi ba birni nagari yake nema ba, yana son sanin me ke sa wasu mutane su iya kafa mulki. Amsarsa asabiyya: jin zafin ɗan'uwa, wanda ke sa ka ji an ci mutuncinka idan an taɓa naka, har ka yarda ka mutu a kansa.

Ya san hadisan da suka zargi asabiyya. Ya ce abin zargi shi ne wadda ake yi a kan ɓarna da alfahari irin na jahiliyya. Wadda aka sa wajen tsayar da gaskiya kuwa ba a iya yi ba tare da ita ba, har ya ce kiran addini ma ba ya cin nasara sai da jama'a a bayansa. Misalansa na gida ne: Murabiɗun da ƙabilun Sanhaja, Muwahhidun da ƙabilun Masmuda. Da wannan ya fassara sharaɗin Ƙuraishanci, ya ce an sa shi ne saboda a wancan lokaci Ƙuraish ce kaɗai sauran Larabawa za su bi.

Maganarsa da ta fi ƙarfi ita ce a kan nasaba. Ya ce nasaba abu ne na zato, amfaninta kawai shi ne haɗin da take haifarwa. Bawa da aka 'yanta, da abokin ƙawance, da baƙon da ya daɗe a cikin mutane, duk sukan shiga asabiyyar gidan, bayan zamani a manta asalinsu. Ya ce daula takan yi kamar shekara 120, zuri'a uku: ta farko ta sha wuya tare, ta biyu ta ji labari, ta uku ta tashi cikin daɗi ta koma hayar sojoji. Ya lura cewa ƙasa mai ƙabilu da yawa, kamar Magrib, tana da wuyar mulki, Masar kuwa tana da sauƙi. Kuma shi da ke jingina asalinsa ga Larabawan Hadramaut, shi ne ya rubuta cewa mafi yawan malaman Musulunci ba Larabawa ba ne, ya kawo Sibawaihi a nahawu.

Yaya suka kalli al'ummomin da ba Musulmi ba?

Sa'id al-Andalusi, alƙalin Ɗulaiɗila (Toledo) ta Andalus, ya rubuta Ɗabaƙat al-Umam a 1068, ya lissafa al'ummomi takwas da suka yi hidimar ilimi: Indiyawa, Farisawa, Kaldiyawa, Girkawa, Rumawa, Misirawa, Larabawa da Bani Isra'ila. Ma'auninsa ilimi ne. Al-Biruni ya wuce nan, ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafi kan Indiya wajen 1030, ya ce harshe da addini da al'ada ne suka raba su da Musulmi, ya kuma faɗa ƙarara cewa hare-haren Sultan Mahmud na Gazna sun lalata arzikin ƙasar sun ƙara ƙiyayya. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, da yake sharhin littafin Aflaɗun kan mulki, bai yarda hikima ta Girkawa ce kaɗai ba, ya ce ana samun masu ita a Andalus da Sham da Iraƙi da Masar.

Me suka ce game da baƙar fata?

Akwai mai daɗi, akwai mai ɗaci, kuma bai kamata a ɓoye ɗayan ba. Sun gaji ra'ayin Girkawa na kasa duniya yankuna bakwai, na tsakiya su ne masu daidaito, na can arewa da na can kudu sanyi ko zafi ya taɓa hankalinsu. Da wannan Sa'id ya yi munanan kalamai a kan Zanj, wato baƙaƙen gabashin Afirka, da Sudan, haka ma a kan fararen arewacin Turai. Ibn Khaldun ya ƙaryata tatsuniyar cewa baƙi ya samo asali ne daga la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne, ya kuma ware mutanen Mali da Gawo da Takrur a matsayin masu addini. Amma a kan waɗanda ke kudu da su ya maimaita maganganu na wulaƙanci. Kuskure ne babba, wanda ya taso daga jita-jitar fatake da littattafan da aka gada, kuma ya saɓa wa huɗubar da Annabi (SAW) ya ce babu fifiko ga Balarabe a kan Ba'ajame, ko ja a kan baƙi, sai da taƙawa. Jahiz kuwa tun ƙarni na 9 ya rubuta risala kan abin alfaharin baƙaƙe.

Wannan ba gardamar littafi ba ce kawai, rayuka sun shiga ciki. Wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa, wadda al-Ƙalƙashandi ya adana, yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama talakawansa, masu 'yanci kuma Musulmi, suna sayarwa a Masar da Sham. Ya kafa hujja da Musulunci, ya kuma ƙara da cewa gidansu daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman ya fito.

Son ƙasar haihuwa yana da gurbi a tunaninsu?

Yana da shi, a matsayin abin zuciya. Annabi (SAW) ya gaya wa Makka cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi, da ba a fitar da shi ba da bai fita ba. Bilal, yana fama da zazzaɓin Madina, ya yi baitocin begen kwarurukan Makka. Maganar nan da ta yaɗu cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga Annabi ba. Mayar da wannan bege ya zama tushen mulki da biyayya aikin ƙarni na 19 ne, kuma Rifa'a al-Ɗahɗawi na Masar yana cikin waɗanda suka fara.

Wannan tunani ya iso ƙasar Hausa?

Ya iso, kuma ɓangaren fiƙihu da nasihar sarakuna ne ya fi ƙarfi. Shehu Muhammad al-Maghili na Tilimsan ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta risala kan abin da ya wajaba ga sarki. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat, da ke Aljeriya ta yau, game da bayi a Mi'raj al-Su'ud. Ya dogara da Ibn Khaldun wajen watsi da labarin la'anar Ham, ya ce launi ba dalilin bauta ba ne, ya ambaci mutanen Barno da Kano da Katsina da Songhai a cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Ma'auninsa addini ne, wanda ya kare wasu ya bar wasu a fili, kuma wannan ma yana cikin tarihin.

Shehu Usman ɗan Fodiyo, a Bayan Wujub al-Hijra na 1806, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da suka fi saurin rushe mulki. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, bisa roƙon mutanen garin, kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. A jama'arsu akwai Fulani da Hausawa da Buzaye, don haka suka raba aiki tsakanin harsuna: littattafan hukunci da Larabci domin malamai, waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa domin sauran jama'a. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da harsunan uku, kuma jajis ɗinta, wato matan da ta naɗa su riƙa yawon koyarwa, su ne suka riƙa kai waƙoƙin ga matan karkara.